Yadda Ake Daidaita Zaman Babban Akwatin Kifi na Gilashi Idan Ruwa Ya Nuna Karkata

Idan ka tsaya gaban akwatin kifinka ka ga ruwa ya kusa taɓa baki a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma ya rage da faɗin yatsa, to kada ka zargi ruwan. Ruwa ba ya karkata. Duk inda aka zuba shi, samansa a miƙe yake. Abin da ya karkata shi ne akwatin, ko teburin da ke ɗauke da shi, ko daɓen ɗakin. A nan Damagaram galibi da hunturu ko bazara mutane ke lura da abin, lokacin da iska da zafi ke shanye ruwa da sauri, ruwan ya sauko ƙasa da adon baki, farin layin da ya bari a jikin gilashi ya fito fili.

Misalin da zan riƙa yi na akwati ne mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50. Wannan yana cin lita 300, wato jarka 12 masu lita 25. Kowace litar ruwa kilo 1 ce. Gilashin kansa, in mai kaurin milimita 10 ne, ya kusa kilo 60. Haɗa da yashi da duwatsu da teburi, kana da kusan kilo 400, nauyin buhun siminti 8, a kan ƙafafu huɗu. Riƙe wannan nauyin a ranka, domin shi ne dalilin duk gargaɗin da ke tafe.

Abu ɗaya kawai nake so ka fahimta kafin mu taɓa komai: karkata daban, murɗewa daban. Karkata ita ce akwatin ya jirkita gaba ɗayansa, amma gindinsa na zaune lafiya a kan shimfiɗaɗɗen abu. Ba ta da kyan gani, amma ƙarin milimita 5 a kan zurfin santimita 50 bai wuce ƙarin kashi 1 cikin 100 na matsin ruwa ba. Murɗewa kuwa ita ce kusurwa uku su zauna, ta huɗun tana reto. Gilashi ba ya lanƙwasa ya haƙura kamar ƙarfe. Ko dai gam ɗin silikon da ya haɗa shi ya fara saki, ko gilashin gindi ya tsage, kuma sau da yawa sai bayan makonni, ba ranar da aka cika ba. Masu sabon farawa suna ganin karkata, su cusa wani abu a ƙarƙashin kusurwar gilashi don ruwa ya yi daidai a ido, sai su mai da ƙaramar matsala ta zama babba.

Kayan aiki

- Nibo na magina, ma'aunin nan mai ƙwayar iska a cikin ruwa. Nemi mai tsawon santimita 60 zuwa sama. Gajere yana yaudara a kan dogon teburi.
- Rula ta ƙarfe mai alamar milimita, da takarda da alƙalami.
- Zare mai ƙarfi, irin na ɗinkin takalmi, da salatif.
- Ciko: guntayen farantin ƙarfe masu kaurin milimita 1, 2 da 3, kowanne ya ɗan fi tafin ƙafar teburi faɗi. Mai walda zai yanka maka daga ragowar aikinsa. A shafa musu fenti saboda tsatsa.
- Katakon filawud mai kaurin milimita 18, daidai girman gindin akwati.
- Farin soso mai tauri, irin wanda ke zuwa cikin kwalin firji, shimfiɗaɗɗe mai kaurin santimita 1.
- Tiyo mai tsabta na zuƙe ruwa, jarkoki, baho biyu ko uku, da ragar kama kifi.
- Ƙarfafan mutane huɗu. Ba uku ba.

Nibo da rula da tiyo duk kana samunsu wajen masu kayan gini a kasuwar Dole. Kafin ka biya kuɗin nibo, gwada shi nan take: ɗora shi a kan teburin mai shago, duba inda ƙwayar ta tsaya, sannan ka juya shi kai ya koma gindi a daidai wurin. In ƙwayar ta koma inda take dazu, nibon na da gaskiya. In ta sauya wuri, ajiye shi ka ɗauki wani.

In babu nibo, tiyo mai haske mita 3 ya isa, kuma ya ma fi nibo mai araha gaskiya. Zuba masa ruwa, fitar da duk kumfar iskar da ke ciki, ka ɗaga bakunansa biyu sama. Tsayin ruwa a baki ɗaya daidai yake da na ɗaya bakin, komai nisan da ke tsakaninsu. Da shi maginanmu ke fitar da layin gini.

1. Gano inda laifin yake

Kashe injin tace ruwa da na iska, kashe fanka, ka bar ruwa ya kwanta na ɗan lokaci. Auna daga bakin gilashi zuwa saman ruwa a kowace kusurwa huɗu, ka rubuta. Ruwa yana ɗan hawa jikin gilashi da milimita 1 ko 2, saboda haka ka riƙa karanta rula a wuri iri ɗaya kowane karo.

Sannan ɗora nibo a kan teburin kansa, a ƙarfen da ke ƙarƙashin akwati, a tsaye da a gicciye. Dalili kuwa, akwatunan da ake haɗawa da hannu ba kullum ake yanka gilashinsu daidai ba. Na sha ganin akwati zaune lafiya lau, sai dai gilashin gaba ya fi tsayi da milimita 3 a gefe guda. In nibo ya ce teburi daidai yake, takarda kuma ta ƙi shiga ƙarƙashin kowace kusurwa, to matsalar ta ido ce kawai. Manna baƙin tef a kewayen baki, ka bi layin ruwa ba layin gilashi ba, ka huta.

In teburin ne ya karkata, ga ma'aunina: bambancin milimita 2 zuwa 3 a tsawon santimita 120 ina barinsa. Daga milimita 5 zuwa sama ina gyarawa. Amma in bambancin yana ƙaruwa daga mako zuwa mako, ko takarda tana shigewa ƙarƙashin kusurwa ɗaya, ba na jiran gobe.

2. Tanadi ruwa, sannan ka kwashe kifi

A garin nan ba a zubar da lita 300 a ce gobe a sake. Ruwan famfo daga rijiyoyi irin su na Gogo da Arunguza yake zuwa, kuma kowa ya san yadda yake yi da bazara. Ban da haka ma, tsohon ruwan shi kifin ya saba da shi. Don haka ka shirya jarkoki tun jajibiri. Kada ka karɓi aron jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir, maganin ƙwari ko sabulu, komai wankin da aka yi mata. In za ka ƙara sabon ruwan famfo ko na 'yan ga-ruwa, a zuba shi a buɗe a inuwa ya kwana ya wuni, klorin ɗin da ke ciki, wato maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fice.

Fara aikin da sanyin safiya, bayan sallar asuba. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska da yawa. Kifin da aka tara a baho da tsakar rana zai fara haki a saman ruwa nan da nan. Kada ka ba su abinci ranar da ta gabata, don kada su ɓata ruwan bahon.

Zare duk filogin wuta tukuna. Zuƙe ruwan sama mai tsabta cikin baho da jarkoki kafin ka motsa yashi. Idan ruwa ya rage kwata, kama kifi ya yi sauƙi. Rufe bahon da raga ko faifai, musamman in akwai tarwaɗa, domin tsalle take yi. Sa musu injin iska, ka ajiye su inda yara da kyanwa ba za su kai ba. Soson injin tace ruwa kuma a tsoma shi cikin tsohon ruwa, kada ya bushe, kada a wanke shi da ruwan famfo: ƙwayoyin halittar da ke cinye gubar kashin kifi a jikinsa suke zaune.

Bayan haka kwashe duwatsu, kwashe yashi, tsane sauran ruwa.

Na san abin da zuciyarka za ta raya maka: a rage ruwa rabi, a sa ƙarfe a ɗan ɗaga ƙafa ɗaya, a cusa ciko. Don Allah kada ka yi. Rabin ruwa kilo 150 ne, kuma ɗaga ƙafa ɗaya shi ne ainihin murɗewar da muke gudu. Hanya ɗaya ce na yarda da ita ba tare da sauke akwati ba, za mu zo kanta a mataki na 5.

3. Sauke akwati, ka dubi daɓe

Mutum ɗaya a kowace kusurwa, hannu a ƙarƙashin gindi, ba a baki ba, ba kuma a jikin gilashin da aka gitta a sama ba. Ɗaya ya ƙirga, a ɗaga tare. A ajiye a kan katifa ko bargo, a shimfiɗaɗɗen wuri da aka share. Tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin gilashi ta isa ta tsaga shi.

Kafin ka janye teburi, zagaye kowace ƙafa da alƙalami a ƙasa, domin duk awon da za ka yi na wannan wurin ne kaɗai. Matsar da teburi taki ɗaya, lissafi ya rushe.

Yanzu durƙusa ka dubi daɓen. Yawancin maginanmu da gangan suke ba daɓe gangara zuwa ƙofa don ruwan wanki ya fita, saboda haka karkatar milimita 5 zuwa 10 a tsawon teburi ba abin mamaki ba ne, kuma ciko yana maganinta. Abin tsoro shi ne daɓen da ke nutsewa. Ƙwanƙwasa wurin kowace ƙafa da gindin sukudireba. Tayil ɗin da ya zauna sosai ƙararsa a toshe take. Wanda ke da rami a ƙasa sai ka ji yana amsawa kamar ganga, kuma wata rana zai fashe a ƙarƙashin kilo 100. A tsofaffin gidajen ƙasa na unguwannin Birni da Zongo sau da yawa siririn siminti ne aka shafa a kan cikon ƙasa, damina ta zo laima ta shiga, gara ta yi hanya a ƙasa. In ka ga tsaga ta kewaye sawun ƙafa, ko wurin ya lotsa, ciko ɓata lokaci ne.

Maganin wannan dakali ne. A fasa wurin, a daddaɓe ƙasa, a zuba kankare mai kaurin santimita 10 da ragar ƙarfe a ciki, ya ɗan fi teburi faɗi ta kowane gefe, a fitar da samansa da nibo. A riƙa yayyafa masa ruwa mako guda, kuma kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. In haka ta kama, kifin na buƙatar masauki na gaske, kamar babbar robar ruwa da injin tacewa, ba baho ba.

Mai zama a bene ya sa akwatin a jikin bango mai ɗaukar nauyi, ba a tsakiyar ɗaki ba, ya kuma tambayi wanda ya san ginin. A kan soron azara kuwa, ban ba kowa shawarar ɗora wannan nauyi ba.

4. Gwada teburin kansa

Mai da teburi kan alamominsa, ka danna kusurwoyinsa bi da bi. In yana rawa, ƙafa ɗaya ba ta taka ƙasa ba.

Sai gwajin zare, wanda shi ne ke tona asirin murɗewa. Ja zare daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, ka ɗaure tamau a saman ƙarfen. Ja wani daga gaba ta dama zuwa baya ta hagu. Duba inda suka gitta a tsakiya: ya kamata su taɓa juna a hankali, ba rata, ba kuma ɗaya ya danne ɗaya. Sannan ka musanya, na sama ya koma ƙasa, ka sake dubawa. In sun taɓa juna a duka biyun, saman teburi a shimfiɗe yake. In akwai rata a ɗaya, ya murɗe.

Sau da yawa murɗewar daga daɓe take, da zarar an yi ciko ta tafi. In ta ƙi tafiya, zafin walda ne ya ja ƙarfen, sai a koma wa mai walda. Tunda ka je, roƙe shi abu biyu: ya manna faranti mai santimita 8 ko 10 a tafin kowace ƙafa don nauyi ya bazu, ya kuma gitta ƙarfe a bayan teburi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ka shafa hannu a saman ƙarfen kuma. Duk tudun walda da ka ji, a goge shi.

Teburin falo na katakon garin itace da aka matse ba mazaunin akwatin kifi ba ne. Ruwa ya ɗiga masa sau biyu, ya kumbura.

5. Ciko

Ƙa'idar ita ce: ciko tsakanin ƙafar teburi da ƙasa yake shiga. Ba ya shiga tsakanin gilashi da teburi, har abada.

Nemo ƙafar da ta fi kowacce tudu, ita ba a taɓa ta. Sauran ukun ake ɗagowa su tarar da ita. Fara da tsawo, hagu da dama, sannan gaba da baya, sannan ka ɗora nibo a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa. Gyaran ɗaya yakan ɗan taɓa ɗayan, don haka za ka zagaya sau biyu ko uku. Faranti ya shiga ƙarƙashin tafin ƙafa gaba ɗaya, ba gefensa kawai ba. In kana buƙatar milimita 6, faranti biyu masu 3 sun fi shida masu 1. Teburi mai ƙafa shida, ƙafafun tsakiya rabin cikon gefe suke ɗauka. Mutane suna mantawa da su, sai tsakiyar teburi ya lotsa.

Kwali, takarda, silifa da guntun taya duk suna lotsewa cikin kwanaki. Guntun tayil yana fashewa. Katako mai laushi abincin gara ne. In ba ka sami ƙarfe ba, yanka allon roba mai tauri irin na yankan nama, ko tsohon katin roba don milimita ɗaya ta ƙarshe.

Abin da na fi so, in da hali, shi ne ƙafa mai noti. Mai walda ya manna noti mace a gindin kowace ƙafa, a ɗaura namiji mai kaurin milimita 16, kansa na kallon ƙasa yana zaune a kan faranti, da wata mace ta biyu ta kullewa. Zagaye ɗaya cikakke na irin wannan noti yana ɗaga milimita 2. Da shi ne kaɗai za ka iya gyaran ƙaramar karkata ba ka sauke akwati ba: a rage ruwa ya koma ƙasa da kwata, a juya ƙafafu biyu na gefe ɗaya bi da bi, kwatan zagaye kowane karo.

In ka gama, hau teburin kai da wani ku zauna, ku ɗan motsa, sannan ka sake awo da nibo da zare.

6. Katako da soso

Shimfiɗa filawud, wanda ka riga ka shafa wa fenti har gefunansa, sannan soso a kai. Aikin soso shi ne ya haɗiye 'yar tsakuwa ko ɗan tudun da ido bai gani ba. Ba ya gyara karkata. Wanda ya ninka soso a gefe ɗaya don ya ɗaga akwati, nauyi zai matse shi ya dawo inda yake.

Wannan na akwatin da gilashin gindinsa ke zaune kai tsaye ne, irin wanda aka fi haɗawa a nan. Akwatin kamfani mai firam ɗin roba a gindi, wanda gilashinsa ke ɗage sama kaɗan, a kan firam ɗin aka yi shi ya zauna. In ka sa masa soso mai kauri, firam ya nutse, soso ya tura gilashi sama. Shi katako kawai yake so.

7. Ruwan gwaji

Mai da akwati, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Bi kewayen gindi da takarda. Kada ta shige ko'ina. Zuba ruwa kamar santimita 10, babu yashi, ka tsayar da rula a kan gilashin gindi a kowace kusurwa. Wannan awon ya fi kowanne gaskiya, domin bai damu da yadda aka yanka baki ba. Inda ruwa ya fi zurfi, nan ne ya fi ƙasa.

A ce ka sami milimita 104 a gaba ta hagu, 98 a gaba ta dama, 106 a baya ta hagu, 100 a baya ta dama. Haɗa masu kallon juna a gicciye: 104 da 100 sun ba da 204, 98 da 106 ma 204. Tunda sun zo ɗaya, karkata ce zalla. Mafi ƙanƙanta, 98, ita ce mai tudu, don haka gaba ta hagu na son ƙarin milimita 6, baya ta hagu 8, baya ta dama 2. Da a ce baya ta hagu 103 ce, jimillar ta zama 204 da 201, wannan murɗewa ce: kwashe ruwan, sauke akwati, koma mataki na 4.

In ka yi mataki na 5 da kyau, bambancin da za ka tarar ba zai wuce milimita 1 ko 2 ba. In ya wuce, tsane ruwan ka sauke akwati kafin ka ƙara ciko.

8. Cikawa

Mai da yashi da duwatsu, manyan a ajiye su a hankali, kada a jingina su da gilashi. Ɗora faranti a kan yashi ka riƙa zuba ruwa a kansa don kada ya gurɓata. Cika kashi ɗaya cikin uku, tsaya rabin awa, auna daga baki ka kwatanta kusurwoyi. Kai shi kashi biyu, ka sake. Gilashi mai kauri yana ɓoye murɗewa idan ruwa kaɗan ne, sai nauyi ya hau take bayyana, shi ya sa ba a tsallake wannan tsayawar. In ka ji ƙarar ƙas, ko ka ga silikon na kusurwa ya yi fari, ko kumfa ta fito a cikinsa, ko laima a gindi, dakatar da zubawa ka fara zuƙewa.

9. Mai da kifi

Taɓa ruwan akwati da na baho da hannu. Jarkar da rana ta taɓa takan yi zafi sosai, kifi kuma ba ya jure sauyin zafi farat ɗaya. Riƙa ɗebo ruwan akwati kana ƙara wa bahon kaɗan-kaɗan na kamar minti 20, sannan ka kwashe su da raga. Mai da soson tacewa, shanya hannunka, sannan ka kunna wuta. Mahaɗar filogi a rataye ta a bango, kada ta kwanta a ƙasa. Abinci sai gobe, shi ma kaɗan.

10. Bibiya

Manna guntun salatif a wajen gilashi a kowace kusurwa, gefensa na sama daidai da layin ruwa. Ruwa zai ragu, amma dole ya ragu daidai a duka huɗun. Duba washegari, duba bayan mako guda, domin a kwanakin farko ne soso da ciko ke zama. Sannan ka sake dubawa bayan manyan ruwan saman watan Agusta, lokacin da ƙasar ƙarƙashin daɓe ke shan laima. In tazarar wata kusurwa ta bambanta da sauran da milimita 2 ko fiye, rage ruwa rabi a ranar don nauyi ya sauka, ka duba ƙafar da ke wannan kusurwar da daɓen da take takawa.